Darasi na 14: Yadda Ake Gane Kamazuru Mai Nagarta

Manufar darasi

Idan aka kammala wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya abubuwa huɗu:

1. Ya bayyana aikin kamazuru da wuraren da ya fi tsinkewa.
2. Ya rarrabe fatar da ta jemu da wadda aka tsamo da wuri, ya kuma gane fatar roba.
3. Ya duba yanka da ɗinki da kitso da mahaɗi kafin ya biya kuɗi.
4. Ya san yadda ake adana kamazuru a damina da hunturu.

Shimfiɗa

Kayan da ake sarrafa doki da su ta ka guda uku ne. Akwai ragama, wadda ake jan doki da ita ko a ɗaure shi a turke. Akwai linzami, ƙarfen da ake sa masa a baka, wanda maƙera ke ƙerawa. Sai kamazuru, igiyar da ta taso daga zobban linzami ta zo hannun mahayi, kuma aikin dukawa ne. Duk umarnin da mahayi zai ba dokinsa, ya tsaya ko ya juya ko ya ja da baya, ta kamazuru yake bi. In likkafa ta tsinke, gwanin hawa yana iya matse doki da cinya har ya sauka lafiya. In kamazuru ya tsinke doki yana cikin sukuwa, magana ta yanke tsakanin mahayi da dabbarsa.

A nan Tamale wannan ba zancen nesa ba ne. Duk shekara a watan Damba, wanda ya yi daidai da Rabi'ul Awwal, watan Mauludi, sarakunan Dagomba kan fito a kan dawaki da aka yi wa kwalliya, a Tamale da Yendi da sauran garuruwan Dagbon. Makaɗa na kiɗa, 'yan bindiga na harba bindigogin gargajiya, doki na rawa yana ɗaga ƙafafun gaba, yara da mata sun kewaye shi har ba masaka tsinke. Mutumin unguwar Dabokpa da maigidansa ya aika ya sayo kamazuru, da mai kiwon dokin kansa, da mai sarin kayan fata yana kaiwa ƙauyuka, kowannensu yana riƙe da amanar wannan taro.

Abin da ido ke fara gani a jikin kamazuru shi ne ado: jar fata, tuntaye, zaren ulu. Ƙa'idar wannan darasi ita ce a bar ado sai ƙarshe, a fara da abin da ke ƙarƙashinsa.

Inda sana'ar ta taso

Doki ba ya daɗewa a kurmin kudu saboda cizon tsando, don haka tun da daga arewa ake kawo wa Dagomba dawaki, daga ƙasar Mosi da ƙasar Hausa. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro kan yada zango a Yendi kafin su wuce Salaga, ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa 'yan kasuwar garin zuwa wasu wurare. A 1907 Turawan Ingila suka mai da hedikwatarsu ta arewa daga Gambaga zuwa Tamale, garin ya bunƙasa, Zango ya cika da masu sana'a. Har yau akwai majema a Zangon Tamale, inda ake jeme fata da bagaruwa kamar yadda ake yi a majemar Ƙofar Wambai a Kano.

Ita Kano ta daɗe da suna a wannan fanni. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), har gobe tana da rumfunan masu sayar da kayan doki. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana kai jemammiyar fata da takalma har Arewacin Afirka. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta ƙetare Sahara ta shiga kasuwannin Turai. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan dabar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. A irin wannan hawa ake yin jafi, inda mahaya ke sako dawaki a guje su ja linzami lokaci guda a gaban sarki. Ba a taɓa jarraba kamazuru kamar a wannan tsayuwa ta farat ɗaya.

Mataki na farko: wace fata ce?

Fata uku dukawanmu suka fi aiki da ita: ta sa, ta akuya, da ta tunkiya. Ƙirgi, wato fatar sa, shi ne mai kauri da ƙarfin ɗaukar ja, shi ya kamata ya zama ƙashin kamazuru. Fatar akuya siririya ce amma tana da ƙwari, ta dace da rufi da ado, ko kuma a yanka ta sili-sili a kitsa da yawa wuri ɗaya. Fatar tunkiya tana da laushi da kyan gani, sai dai ba ta da ƙarfi, fuskarta kan ɗaye daga jikinta. Kamazurun da aka dogara da fatar tunkiya wajen ƙarfinsa na rataya ne a bango.

Samun ƙirgi mai kyau a Gana yana da wuya, domin yawancin fatar shanu a tukunya take ƙarewa: a babbake ta a yi ganda. Awaki ma sau da yawa babbaka ake yi musu maimakon fiɗa. Wannan ya sa fata ta yi tsada, ya kuma buɗe ƙofa ga fatar roba da ake shigo da ita a naɗe. Ga yadda ake gane ta:

- Dubi bakin yanka. Fatar gaske zare-zaren nama ne cuɗe da juna daga sama har ƙasa. Ta roba za ka ga yadi ko soso manne a bayanta.
- Dubi fuskarta. Ramukan gashi a fatar dabba ba sa tafiya a jere. In zanen fuskar yana maimaita kansa daidai wa daida, inji ne ya buga shi.
- Ɗiga ruwa. Fatar bagaruwa da ba a cika ta da mai ba takan sha ruwan, wurin ya yi duhu. A kan roba ruwan tsayawa yake ya gangare.
- Roƙi guntun da ya rage, ka ɗosana masa allura mai zafi. Roba narkewa take, fata kuwa ƙauri take irin na gashi.

Bayan ka tabbata fata ce, sai ka nemi sanin daga wane sashe na jikin dabba aka yanko ta. Fatar gadon baya, wadda ke gefe da gefen ƙashin baya daga kafaɗa zuwa kuturi, ita ce mai matsattsen zare, ba ta miƙewa. Fatar ciki da ta hammata sakwa-sakwa ce, tana miƙewa in an ja, kuma da ta miƙe ta sirance. Ka lanƙwasa igiyar fuskarta ta koma ciki. In ka ga ƙananan layuka siri-siri waɗanda ke ɓacewa da ka sake ta, ta gadon baya ce. In ta yi manyan tamoji, fuskar ta taso kamar za ta rabu da jiki, ta ciki ce.

Daga nan ka juya bayanta ka bi da yatsa daga farko har ƙarshe. Abin da kake nema shi ne sharɓen wuƙar mahauci, inda wuƙa ta zarce lokacin fiɗa ta ci rabin kaurin fatar. Ta fuska ba a ganinsa, amma nan igiya za ta tsinke. Haka tabon lalas da tsohon gyambo da ramukan cizon kaska: a jaka ko matashi ba su da illa sosai, a kamazuru kuwa aibi ne babba.

Mataki na biyu: ta jemu?

Kafin ka iya hukunta jima, sai ka san yadda ake yin ta. Majemi yakan jiƙa fata ta yi laushi, ya tsoma ta a ruwan toka har gashi ya saki, ya shimfiɗa ta a kan gungume ya kankare gashi da ragowar nama da kartaji. Sai ya sake jiƙa ta a wani ruwa da zai cire kaifin toka ya sassauta ta, wasu da kashin kaji ko na tattabara, wasu da ganyen gwanda. Bayan an wanke, sai a sa ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa, ana juyawa ana ƙara sabuwa, har ruwan ya ratsa ta. A ƙarshe a shafa mata mai, a murza, a shanya. Fatar akuya kwanaki kaɗan take ɗauka. Ƙirgi, saboda kaurinsa, yana son lokaci mai tsawo, kuma a nan gaggawa ke shigowa, musamman in biki ya matso masu oda sun yi yawa.

Gwaji uku ke tona asirin jima.

Na farko, yanka. Ka sa baduku ya yanke ɗan bakin igiyar da wuƙa mai kaifi, ka duba kaurin a hasken rana. Fatar da ta jemu launinta ɗaya ne daga fuska har baya, ruwan ƙasa mai haske. In akwai farin layi ko wani wuri mai sheƙi a tsakiya, bagaruwa ba ta kai can ba, cikin ɗanye ne. Irin wannan in ruwa ya dake ta ta bushe sai ta ƙandare, in ta daɗe a laima sai ta ruɓe daga ciki.

Na biyu, hanci. Jemammiyar fata tana da ƙamshinta na bagaruwa da mai, wanda duk mai shiga rumfar dukawa ya sani. Wari ko ƙarni alama ce ta cewa an bar kitse da nama a bayanta, ko kuma ta fara lalacewa tun kafin a jeme ta. Kada turare ya ruɗe ka: ka murza fatar a tafin hannu ta yi ɗumi sannan ka sunsuna.

Na uku, lanƙwasa. Wannan karon fuskar za ta kasance a waje. Ka naɗa igiyar a yatsanka ka matse. In fuskar ta tsattsage, fatar ta bushe ko ta ƙone a rana, ko kuma ta daɗe a ruwan toka fiye da kima. Fata mai lafiya takan ɗan yi haske a wurin lanƙwasa, ta koma yadda take in an sake ta.

Akwai kuma fatar kamfani, wadda ake jemewa da gishirin kurom, dabarar da ta bazu daga Amurka da Turai tun wajen 1884, kuma da ita ake jeme mafi yawan fatar duniya a yau. In ba a rina ta har ciki ba, bakin yankanta shuɗi-shuɗi ne mai toka-toka. Ba ta tsoron ruwa kamar ta bagaruwa, amma irin wadda ake samu a kasuwa an yi ta ne don takalma da kujeru, tana da laushi tana miƙewa. Ba laifi a yi rufi da ita, amma kada ta zama ita ke ɗaukar ja.

Rini ma yana da nasa gwajin. Jan launi na gargajiya daga karan dafi ake samunsa, baƙi kuwa daga kuloko, wanda ake haɗawa da ƙarfe. Yanzu da yawa sun koma garin rini na kanti. Ka jiƙa farin ƙyalle ka goga da ƙarfi. Ɗan launi kaɗan ba komai, amma in ƙyallen ya rine, to haka gumin hannu zai kwaso shi ya zuba a farar rigar mahayi ranar biki. Baƙin rini na ƙarfe in ya yi yawa yana cin fata a hankali, saboda haka baƙar igiya ta fi son gwajin lanƙwasa.

Mataki na uku: yanka da awo

Igiya mafi aminci ita ce wadda aka yanko a tsaye, bin tsawon bayan dabba, guda ɗaya ba haɗi. Ka shimfiɗa kamazuru a kan benci, ka haɗa gefen dama da na hagu. Tsawonsu ya zama ɗaya, faɗinsu ɗaya, kaurinsu ɗaya. In gefe ɗaya ya fi tsawo, linzami zai riƙa cin doki ta ɓangare guda, doki ya koyi karkatar da kai. Ka ja igiyar tsakanin babban yatsa da manuni idonka a rufe. Yatsa kan ji inda ta sirance kafin ido ya gani.

Shimfiɗaɗɗen kamazuru irin na Turawa faɗinsa kan kama daga santimita 1.5 zuwa 2, kaurinsa milimita 3 zuwa 4, tsawon kowane gefe kusan mita 1.4. Wannan awo yana da amfani wajen kwatance, amma namu hawan da hannu ɗaya ake yi, dawakinmu kuma ba su kai nasu girma ba. Awon da ya fi shi ne na jikin dokin: in doki ya tsaya ya saki wuyansa, kamazuru ya iso gaban sirdi ba tare da ya ɗame ba, kada kuma ya yi yawan da zai zubo ya harɗe ƙafar mahayi. Ka auna da igiya a gida ka tafi da ita kasuwa.

Gefunan igiya su kasance an rage musu kaifi an goge su sun yi sumul. Gefe mai kaifi yana yanka yatsu, yana kuma goge gashin wuyan doki.

Mataki na huɗu: ɗinki, kitso da mahaɗi

Nan ne ya kamata mai saye ya fi daɗewa, domin kamazuru ba kasafai yake tsinkewa a tsakiyar lafiyayyar igiya ba. Wurare uku ne ajalinsa: inda ya zagaya zoben linzami, inda aka yi haɗi, da inda ado ya rufe abin da ke ciki.

Ɗinkin hannu na ƙwarai da allura biyu ake yin sa. Baduku ya huda rami, ya shigar da allura ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu, zare biyu su gitta a cikin rami guda, ya ja ya ɗame. In zare ɗaya ya tsinke, ɗayan yana riƙe. Ɗinkin keke kuwa zaren sama ne ke saƙale da na ƙasa, in ɗaya ya tsinke sai layin ya fara warwarewa. Ka duba bayan ɗinkin kamar yadda ka duba gabansa: tazarar ramuka ta zama ɗaya, zaren ya kwanta cikin fata, kada ya yi tsaye a sama inda gogayya za ta cinye shi. Masu ɗinkin kayan doki na Ingila, irin na garin Walsall, kan yi ɗinki 8 zuwa 10 a inci ɗaya. Namu ba lalle ya kai haka ba, amma in yatsa na iya shiga tsakanin ɗinki da ɗinki, an yi ha'inci. Zaren ya kasance an murza shi da kakin zuma don kada gumi ya ruɓar da shi. Wasu dukawan da siririn silin fata suke ɗinki, shi ma yana da ƙarfi in fatar akuya ce mai kyau.

Ka lura da inda layin ɗinki ya dosa. Ya bi tsawon igiya. Ɗinkin da ya gitta igiya daga gefe zuwa gefe ya jera mata ramuka ne a layi ɗaya, kamar takardar rasit da aka huhhuda don a yage ta cikin sauƙi. Da an fizga, nan za ta rabu.

In dole sai an yi haɗi, a fefe bakunan biyu su yi siriri, a ɗora ɗaya kan ɗaya aƙalla faɗin yatsu huɗu, a ɗinke gefe biyu. Haɗin da gam kaɗai ke riƙe da shi ba haɗi ba ne. Ka sa farce a bakinsa ka gwada ɗagawa. Kada kuma haɗi ya faɗo kusa da linzami ko daidai inda hannu ke riƙewa.

Kamazurun kitso ana duba shi ta wata hanya. Silin su zama faɗi ɗaya, kitson ya matse. Ka riƙe shi da hannu biyu ka tura su su nufi juna: in kitson ya buɗe har kana hango haske ta ciki, sakwa-sakwa ne, zai miƙe. Ka bi sili ɗaya da ido ka ga ko an ƙulla wani a hanya. Ƙulli ɗaya a nan, wani can nesa, ana iya haƙuri. In sili biyu ko uku sun ƙare a wuri ɗaya, ka ajiye shi.

Mulmulallen kamazuru, wanda aka naɗe da jar fata ko ulu, shi ya fi kyau a ido, shi ya fi kuma ɓoye aibi. Ƙarfinsa duk yana ga abin da aka sa a ciki. Na kirki za ka tarar da ƙiri, wato igiyar fata, ko wata igiya mai ƙwari guda ɗaya daga zobe zuwa zobe. Na banza tsumma ne ko guntayen fata aka cusa. Ka bi shi da matsa taƙi bayan taƙi. Inda ka ji ƙullutu ko rami, akwai magana. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ce baduku ya nuna maka wanda bai gama rufewa ba.

Sai mahaɗin zobe. Fatar ta zagaya zoben a ninke, an ƙara mata wata a ciki don gogayya, kuma ba a fefe ta ta sirance a daidai lanƙwasar ba. Zoben ya zama a rufe ruf, ba kaifi, ba tsatsa. Tsatsar baƙin ƙarfe in ta haɗu da fatar bagaruwa da yawun doki takan baƙanta wurin ta cinye shi. Zoben tagulla ya fi zama lafiya da fata.

Gwajin ƙarshe shi ne ja. Da izinin mai kaya, ka zarga kamazuru a turke ko ginshiƙi, ka yi alama biyu da alli tazarar kamu ɗaya, ka jingina baya da nauyinka a hankali, sannan ka fizga sau biyu ko uku. Ka kasa kunne: ƙarar ɗinki na tsinkewa ba ta ɓuya. Ka sake auna alamar. In tazarar ta ƙaru ta ƙi komawa, fatar ciki ce.

Karatu: a rumfar baduku

Ɗalibai biyu su karanta wannan hira a bayyane.

Mai saye: Salamu alaikum. Baba, barka da aiki.

Baduku: Wa alaikumus salam. Barka kadai, samari. Me ake nema?

Mai saye: Maigida ne ya aiko ni neman kamazuru. Wancan ja mai tuntaye, me ke cikinsa?

Baduku: Kai ba ka tambayi kuɗi ba, sai ciki? To, zauna. Wannan na 'yan kallo ne, igiyar auduga ce a ciki. In na hawa kake so, ga wanda nake kan yi. Duba ƙirin da kanka.

Mai saye: Baba, a yi mini haƙuri, ko za a ɗan yanke bakinsa in ga jimar?

Baduku: Ba laifi, ɗana. Ga shi, launi ɗaya har ciki. Ja shi ma a ginshiƙin nan. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Mai saye: Madalla. Yaushe zai kammala?

Baduku: Ka ba ni mako guda. In na yi maka shi gobe, ni da kai duk za mu ji kunya.

A lura da ladabin mai saye: ya gaisa, ya nemi izini kafin kowane gwaji, bai kushe kayan mutum a gaban jama'a ba. A lura kuma baduku mai gaskiya ba ya jin haushin gwaji.

Farashi da adana

Ƙirgin gadon baya kaɗan ne a jikin kowace fata, ɗinkin allura biyu kuma yana cin lokaci. Saboda haka kamazuru na ƙwarai ba ya araha, kuma araha ba ta ado. In ka sami baduku mai amana, ka ba da oda da wuri, ka biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja mai yawa ba, don gobe ma ya sami ƙarfin sayen fata mai kyau.

Tamale tana da damina ɗaya mai laima da hunturu mai busar da komai, kowanne da irin ɓarnarsa. Da damina fumfuna ke kama fata, da hunturu kuwa bushewa da tsagewa. Bayan kowane hawa a goge gumi da yawu da ɗanyen ƙyalle, musamman wajen zobe. In ruwa ya dake shi, a shanya a inuwa inda iska ke bi, kada a sa a rana ko kusa da wuta. Lokaci-lokaci a shafa man kaɗanya kaɗan, a murza ya shiga, a goge ragowar. Mai in ya yi yawa yana sa fata ta saki ta yi santsi a hannu. Baƙin man inji kuwa kada ya kusance ta. A rataye kamazuru a faffaɗan maratayi, kada a ninke shi a cusa a buhu inda ɓera da gara za su same shi. Makonni biyu kafin Damba ko Sallah a fito da shi a sake yi masa gwajin lanƙwasa da na ja, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin ragama da linzami da kamazuru?
2. Me ya sa fatar gadon baya ta fi ta ciki dacewa da kamazuru?
3. Ka yanke bakin igiya ka ga farin layi a tsakiya. Me wannan ke nufi, kuma me zai faru in ruwa ya dake ta?
4. Kawo hanyoyi uku na gane fatar roba.
5. Don me ba a son ɗinkin da ya gitta igiya?
6. Lissafi: a ce wani ya sayi kamazuru sidi 120 yana sake sabo duk shekara, wani kuma ya sayi na sidi 300 ya yi masa shekara 5. Nawa kowannensu ya kashe a shekara 5?

Aikin gida

Ku kasu uku-uku. Kowace ƙungiya ta ziyarci majemi ko baduku, ta roƙi guntayen fata iri uku, ta tambayi sunan kowace da sashen jikin da aka yanko ta. Ku yi musu gwajin yanka da hanci da lanƙwasa da ruwa, ku rubuta abin da kuka gani cikin jimla biyar, ku kawo aji mako mai zuwa. Wanda ke da doki a gidansu ko gidan maigidansa ya duba kamazurun da ake hawa da shi yanzu, ya fara da mahaɗin zobe. In ya ga tsaga ko ɗinki ya saki, ya kai wa baduku kafin a sake ɗaura wa dokin sirdi.